Kurakuran da 'yan kasuwarmu ke ta maimaitawa wajen rajistar tambari a ƙasashen waje

Duk wanda ya fara buga sunansa a buhun shinkafa ko kwalbar humra a Gombe, kafin ka ankara ya fara hangen Garwa da Marwa da Njamena. Ba laifi ba ne, can ma akwai ciniki. Abin da ya ishe ni shi ne yadda sababbin shiga ke bin juna suna yin kuskure iri ɗaya, kowa kuma sai ya yi asara sannan ya zo tambaya.

Kana tambayar mutum ko ya yi rajistar tambarinsa, sai ya zaro takardar CAC yana murmushi. Wannan rajistar sunan kamfani ce ko na shago, ba ta hana kowa buga sunan kayanka a nasa buhun. Tambari ofishinsa daban, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Lambar NAFDAC ma ba ita ba ce. A ofishin tambari za a fara ba ka takardar shaidar karɓa, sai ta amincewa, sai a buga tambarin a mujallar ofishin a jira wata 2 ko wani zai yi jayayya, sannan satifiket. Wanda ya riƙe takardar farko yana cewa ya gama, bai gama ba.

To ko satifiket ɗin ya zo hannunka, ƙarfinsa a bakin boda yake ƙarewa. Nan ne aka fi kwana ciki, kuma nan ne ni da yayata muka sha wuya da sana'armu ta turaren wuta. Muna da dila a Garwa, mutum mai fara'a, kaya na tafiya kuɗi na dawowa. Wata rana ya bugo waya ya ce, "Hajiya, ki turo mini hoton tambarin nan, zan yi mana takardu a nan don kada 'yan jabu su dame mu." Takardu kam ya yi, amma da sunansa. Ba a gane ba sai da aka samu saɓani kan farashi, muka ce za mu ba wani dilan. Sai ga hoton satifiket a WhatsApp, da saƙo layi ɗaya: "Hajiya, ki yi haƙuri, sunan nan a nan nawa ne."

Kuma ba Kamaru kaɗai muka rasa ba. Kamaru ba ta da ofishin tambari nata na kanta, tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa wasu ƙasashen Afirka rajistar tambari a wuri ɗaya, mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar da Chadi da Benin da Togo da Mali da Senegal, rajista ɗaya kuma ta game su duka na shekara 10. A can wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna. Ke nan da takarda guda mutumin ya rufe mana Garwa da Njamena da Diffa da Damagaram. Ana iya kai ƙara, domin doka ba ta yarda wakili ya yi rajistar tambarin maigidansa ba izini ba, amma sai ka ɗauki lauya a can, ka biya da sefa, ka kawo shaidar cewa shi wakilinka ne. Mu kuwa duk cinikin da baki aka yi shi. Kwalayen takardun liƙawa da muka buga da Faransanci suna nan jibge a ɗakin ajiya, damina ta manne su wuri guda.

Haba jama'a! Mutum zai cika mota da kayan miliyoyi ya tura ƙasar da ko sunansa ba a sani ba a takarda, don kawai dila ya ce "amana ce tsakaninmu". Ni dai yanzu ko kwali ɗaya ba ya ƙetare boda sai na ga lambar shigar da takarda a OAPI, da sunanmu, ta hannun wakilin da ƙungiyar ta amince da shi, ba ta hannun mai sayar mana da kaya ba. Wasu na cewa a fara gwada kasuwa tukuna, in ta karɓa a yi rajista. Ban yarda ba. Ranar da kasuwa ta karɓa, ranar wani ya gano sunan yana da daraja. Akwai ma sauƙin da mutane ba sa amfani da shi: yarjejeniyar Paris ta kare tambari tsakanin ƙasashe ta ba ka wata 6 daga ranar da ka shigar a Abuja, in ka shigar a wata ƙasar a cikin wa'adin, za a lissafa maka ranar farko.

Sai masu zuwa da daɗin baki, "Ranka ya daɗe, kawo kaza in yi maka rajistar duniya baki ɗaya." Babu wani abu wai rajistar duniya. Abin da ya yi kusa da haka shi ne tsarin Madrid na WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin tambari da ƙirƙira da ke Geneva, inda takarda ɗaya ke zuwa ƙasashen da ka zaɓa. Kuɗin farawa faran na Suwizalan 653 ne in tambarin baƙi da fari ne, 903 in mai launi ne, sannan kowace ƙasa da nata kuɗin a kai, kowace kuma tana da ikon ƙin amincewa. Uwa uba, Najeriya ba ta cikin tsarin, don haka rajistar Abuja ba za ta zama tushe ba. Sai wanda yake da kamfani na gaske ko mazauni a ƙasar da ke ciki.

Maganar kuɗi, a daina tambayar "nawa ne rajista" kamar kuɗin mota. Ana lissafi ne ƙasa ƙasa, aji aji. An kasa kaya da ayyuka zuwa ajujuwa 45 ne: turare da sabulu a aji 3, man gyaɗa da kilishi a 29, shinkafa da yaji da zuma a 30, tufafi a 25. A Tarayyar Turai Yuro 850 ne aji na farko ta intanet, 50 na biyu, 150 kowane na gaba, ya game ƙasashe 27, amma ban da Ingila tunda ta fita. A Amurka dala 350 ne kowane aji, kuma dole baƙo ya ɗauki lauyan can. Duk wannan kuɗin ofis ne, ladan lauya daban. Shi ya sa nake ce wa mutane su bar burin Turai da Amurka in ba su da mai saye a can, su tsare inda kayansu ke zuwa da gaske.

Masu buga kaya a Chaina su ma su yi hattara. Can ma wanda ya riga shi ke da suna, kuma in wani ya riga ka yana iya sa kwastam su tsare kayan da kai ka biya aka yi.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kada ka buga buhu dubu kafin a binciko ko sunan na wani ne. Suna irin "Zuma Mai Kyau" da wuya a ba ka, domin bayanin kaya ne kawai. Ghana ba ta cikin OAPI, kada Togo ta ruɗe ka. A Najeriya da OAPI, tambarin da aka bari shekara 5 ba a amfani da shi, ana iya neman a soke shi. Rajistar Najeriya ta farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14 14, saɓanin 10 na OAPI, saboda haka da wuya ranakun su haɗu. Ni a bangon littafin bashi nake rubuta su, don shi ne littafin da ake buɗewa kullum.