Yadda ake horar da manhaja ta gano sankarar furostet a hoton MRI

Furostet ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kewaye da hanyar fitsari. Abin da ake so manhajar ta gano shi ne sankara mai haɗari, wadda makinta na Gleason, ma'aunin tsananin sankarar da ake samu daga gwajin tsoka, ya kai 3+4 ko ya haura, domin ta 3+3 sau da yawa sa ido kawai ake yi mata.

Matakin farko, haɗa hotuna. Kowane majiyyaci ana buƙatar iri uku: T2, mai nuna siffar ƙullutun, DWI, mai auna zirga-zirgar ruwa a cikin tsoka, wanda PI-RADS 2.1 ta 2019, ƙa'idar da likitoci ke bi wajen ɗauka da ba hoton MRI na furostet maki, ta ce ƙimar b ɗinsa, wato ƙarfin saitin awon, ta kai 1400 ko fiye. Sai taswirar ADC da ake lissafowa daga DWI, mai nuna wannan zirga-zirga da lambobi. Sankara kan fito da duhu a T2 da ADC, da haske a DWI. Wanda ba shi da nasa hotunan yana iya farawa da 1,500 da gasar PI-CAI, ta manhajojin gano sankarar furostet, ta saki a 2022 ƙarƙashin jagorancin asibitin Jami'ar Radboud ta Holan. Idan na asibiti ne, a goge suna da lambar majiyyaci daga fayilolin DICOM, tsarin da ake adana hotunan asibiti a ciki, tun kafin a taɓa komai.

Na biyu shi ne sanya alama, kuma a nan aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Likitan hoto zai zagaye wurin ciwon a kowane yanki na hoton, amma hukuncin ko sankara ce ya fito daga gwajin tsokar da aka ɗebo. Idan makin PI-RADS kaɗai aka dogara da shi, manhajar za ta koyi kwaikwayon likitan ne har da kurakuransa. Gwajin tsokar ma ba ya rasa aibu: allura kan kauce wa ƙaramin ciwo, sai a rubuta mutum lafiya lau alhali yana ɗauke da shi. Saboda haka a fi amincewa da waɗanda aka bibiye su shekaru, ko waɗanda aka cire musu furostet aka bincike shi gaba ɗaya.

Na uku, daidaita hotunan. DWI bai kai T2 tsabta ba, don haka a mayar da duka ukun ma'auni ɗaya, misali milimita 0.5 da 0.5 da kaurin 3, a tabbata sun hau kan juna daidai, sannan a yanke kewayen furostet kawai. Hasken T2 yakan bambanta daga na'ura zuwa na'ura, dole a daidaita shi hoto-hoto. Kada a yi wa ADC haka, domin lambobinsa awo ne na gaske. Wanda ya daidaita shi hoto-hoto ya zubar da bayanin da ya fi buƙata. A kuma ware hotunan da iskar dubura ko ƙarfen ƙugu ya murɗe.

Sai rabo: kason horo, na gwaji, da na jarrabawar ƙarshe. A raba bisa majiyyaci. Hotunan mutum guda suka faɗa kaso biyu, manhajar ta ga amsa ke nan tun kafin jarrabawa.

Zaɓen tsari bai cancanci ɓata lokaci ba. nnU-Net, wanda cibiyar binciken sankara ta Jamus da ke Heidelberg ta gina a kan U-Net na 2015, tsarin manhaja mai zagaye sassan hoto, yana saita kansa bisa hotunan da aka ba shi. A horar da shi sau biyar a kan rabo daban-daban, a haɗa amsoshin. Matsalar da za a ci karo da ita ita ce ciwon ɗan mitsitsi ne a cikin hoton, har manhajar na iya cewa babu komai a ko'ina ta kuma ci maki mai yawa. Maganinsa shi ne ma'aunin kuskure irin su Dice, mai duba yadda zagayen manhajar ya dace da na likita, da yawaita nuna mata yankuna masu ciwo.

Wajen auna sakamako, a duba abu biyu: AUROC, wato iya bambance mai ciwo da marar shi, da yawan ƙararrawar ƙarya ga kowane majiyyaci. A nazarin PI-CAI da ya fito a 2024, manhaja ta samu AUROC na 0.91 cikin 1, likitocin hoto 62 suka samu 0.86. Amma wannan adadi ba ya bin manhaja zuwa ko'ina. Sai an gwada ta a hotunan wani asibiti da wata na'ura, domin wadda ta saba da na'urar kamfanin Siemens kan yi tuntuɓe a ta Philips.

A zauna da likita a bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Galibi a tsakiyar ƙullutun suke taruwa, inda kumburin tsufa marar haɗari ke kama da sankara, sai kuma wuraren da ƙwayar cuta ta kumbura ko jini ya kwanta bayan ɗibar tsoka. Irin waɗannan hotunan ake ƙara tarawa a sake horon da su.