Darasi na Tara: Sabuwar Majalisa Bayan An Daina Shaye-shaye

Ranar da aka sallamo yaro daga wurin jinyar shaye-shaye, gida yakan cika da murna. Uwa ta yanka kaza, maƙwabta su yi ta shigowa barka. Ga shi ya yi ƙiba, idonsa ya washe, yana gaida kowa da ladabi. Sai a ce alhamdu lillahi, an rabu da ƙaya.

Da sauran aiki. A can inda ya fito akwai katanga da mai gadi, akwai likita, akwai lokacin barci da lokacin cin abinci. A unguwa kuwa komai yana nan yadda ya bari. Mai sayar da ƙwaya bai tashi daga kwanarsa ba. Abokan da suke haɗuwa a kango bayan isha'i suna nan, kuma labarin dawowarsa ya riga ya kai musu. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa cikin mutum 100 da aka yi wa jinyar shaye-shaye, 40 zuwa 60 sukan sake komawa. Ba don jinyar ba ta yi aiki ba. Ciwo ne irin su hawan jini da sukari, wanda yake son kulawa bayan an bar asibiti.

Mu karanta tare

Ga misali. Wani matashi ne mai walda a Jekadafari, cikin garin Gombe. Kwanansa goma sha biyu da dawowa gida. Ya koma wurin maigidansa, aka ce masa ya dakata tukuna, babu aiki. Yana zaune a zaure bayan magariba sai wayarsa ta yi ƙara.

"Mutumina, ka dawo shi ne ko ka neme mu? Fito, akwai kaya."

Ya kashe wayar. Amma tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, yawu ya taru masa a baki. Ya shiga gida, ya fito, ya sake shiga.

"Kai lafiya kake ta safa da marwa?" in ji mahaifiyarsa.

"Ba komai, Inna."

Ina zai iya gaya mata? Awakinta uku ta sayar aka biya kuɗin jinyarsa. Sai ya lalubo wata lamba da aka ba shi ranar sallama. Lambar wani mai Keke Napep ce, wanda shi ma ya taɓa kwana a wurin jinyar, yau shekararsa huɗu rabonsa da ƙwaya.

"Yaya, abin nan ya taso mini."

"Kana ina?"

"Ina gida."

"To kada ka fita. Cire takalmanka ka ba Inna ta ajiye. Ga ni nan tafe."

Ya zo ya ɗauke shi, suka zauna a teburin mai shayi har ƙarfe goma. Bai yi masa wa'azi ba. Labarin nasa watan farko ya ba shi, yadda ya riƙa tauna goro har muƙamuƙinsa ya yi tsami, suka yi ta dariya. Kafin su tashi abin ya lafa. Haka marmarin ƙwaya yake, kamar hadari: ya haɗu baƙi ƙirin, in an jure sai ya baje.

Me ya sa sai su?

Uwa tana da ƙauna, malam yana da nasiha, likita yana da magani. Kowannensu da amfaninsa. Amma wanda ya taɓa shiga ciki ya fito yana da abin da duk ba su da shi. Ba a jin kunyarsa, kuma ba a iya yi masa ƙarya. In ka ce masa mura ce ta sa idonka ja, dariya kawai zai yi, don shi ma ya taɓa faɗin haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wannan dabara ta daɗe. A 1935 wasu mashaya giya biyu a garin Akron na Amurka suka lura cewa hira da juna tana hana su komawa kwalba. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A 1953 aka kafa irinta ta masu shan ƙwayoyi, Narcotics Anonymous, a jihar Kalifoniya. Yau wasu wuraren jinya suna haɗa waɗanda suka sallama a ƙungiya ɗaya, kamar dai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makaranta. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Majalisa ce. Wanda ya bar tsohuwar majalisa, in bai sami sabuwa ba, kaɗaici zai mayar da shi inda ya fito.

Kada kuma wani ya ɗauka gidansa kaɗai abin ya shafa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mata su ne suka fi shan wahala, domin namiji in ya daina a ce ya shiryu, mace kuwa sunan yakan bi ta har gidan miji. Su ma suna buƙatar zamansu daban, mata zalla, a cikin gida.

Yadda ake fara zaman

Tun kafin sallama, ku tambayi ma'aikatan wurin ko akwai waɗanda suka fita da suke haɗuwa. In babu, mutum uku ma sun isa su fara. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, kada a riƙa canzawa. A nemi wuri nesa da inda ake shaye-shaye, ko ajin Islamiyya ne bayan yara sun tashi, ko zauren wani dattijo mai riƙe sirri. In za a tuntuɓi juna ta WhatsApp, wanda bai iya rubutu ba tukuna sai ya aika saƙon murya.

Babbar doka ita ce sirri: abin da aka faɗa a zaman, a nan za a bar shi. Rana ɗaya aka ji maganar wani a bakin titi, to majalisa ta watse. Ban da rance tsakanin 'yan zaman, don bashi yana raba zumunci. Wanda ya zame ya sake sha, kada a kore shi, kada a yi masa gori. A kira shi a ranar, a raka shi wurin likita. Majalisa ba asibiti ba ce, kuma babu mai ikon ce wa wani ya bar maganin da likita ya rubuta masa.

A nan ina so kowa ya buɗe kunne. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya daina sabawa. In ya koma ya sha adadin da yake sha a da, musamman tiramol ko kodin, abin yana iya kashe shi. In kun ga mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ko yana farfaɗiya, kada ku ɗura masa madara ko manja. Ku kwantar da shi a gefensa ɗaya, ku garzaya da shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da likitocin ƙwaƙwalwa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana ba da shawara, tana kuma da layin waya kyauta: 0800 1020 3040.

Aikin aji

Kwafi lambar NDLEA a littafinka, sannan ka karanta ta da ƙarfi ba tare da ka duba allo ba.

Me ya sa mai walda bai gaya wa Inna abin da ke damunsa ba? Ku tattauna bibbiyu.

'Yan majalisa 8 suna zuba naira 200 kowane mako don shayi da kuɗin motar wanda ba shi da shi. Nawa za su tara a mako 4?

A gida, rubuta sunan mutum ɗaya da za ka iya kira da tsakar dare ya ɗauka, ka sa lambarsa a gefen sunan.