Yadda za ka fara koyon FPGA in ka saba da Arduino

Yaran da ka zowa wurina nan Sakkwato da aikin kammala karatu, kusan dukkansu wuri ɗaya suke faɗuwa, sun saba da Arduino sai su ɗauka FPGA ma haka yake. A'a ɗan'uwa. Arduino umarni yake bi layi bayan layi, shi ko FPGA cif ne cike da ƙananan tebura da ake kira LUT da filif-fulof masu riƙe 0 ko 1, kai ne za ka faɗi yadda za a haɗa wayoyinsu. Kamfanin Xilinx ya fara fitar da shi a 1985, yanzu AMD ta saye su tun 2022.

Da farko kar ka sayi bod. Sauke Icarus Verilog mai gwada rubutunka cikin kwamfuta (simuleshan ke nan) da GTKWave mai zana maka sakamakon, kyauta ne kuma ba su cin data, Vivado kam, manhajar Xilinx, gigabait da yawa ne zai cinye maka kuɗin wata. Kuma cikin yarukan da ake rubuta haɗin wayoyin nan da su, Verilog za ka fara da shi, VHDL ya jira.

To ga inda nake son ka natsu. Duk wani sashen Verilog mai farawa da always da ka rubuta, tare suke aiki lokaci guda, ba wanda ke jiran wani, kamar masaƙa goma kowa na kan nashi zare. Shi ya sa cikin always @(posedge clk), wato sashen da ke aiki da kowane bugun kulok (siginar da ke ba cif lokaci), alamar <= za ka sa, ba = ba. In ka rubuta a <= b sannan b <= a, da bugun kulok ɗaya sai su yi musanya, domin kowanne tsohuwar ƙimar ɗan'uwansa ya karanta. Sa = a wurin ka gani, duka biyu sai su zama abu ɗaya, yaro ya kwana yana zargin bod alhali rubutunsa ne. Kuma babu delay() a nan, in kana son fitila ta riƙa ƙiftawa ƙirge za ka yi. Bod ɗin FPGA mai suna Tang Nano 9K kulok ɗinsa 27 MHz ne, wato bugu miliyan 27 a daƙiƙa, sai ka ƙirga zuwa 13,500,000 ka juya fitilar, rabin daƙiƙa ke nan. Ƙirgen nan bit 24 yake so, in ka ba shi 16 ba zai taɓa kaiwa ba. A simuleshan rage lambar zuwa 10, buɗe GTKWave ka ga layin yana hawa yana sauka da idonka.

Sai ya yi daidai sannan ka yi odar bod, Tang Nano ya fi Basys 3 araha nesa. Rubuta fayil ɗin fin (mai faɗin ƙafar cif da kowace sigina za ta bi), yi sintesis (mai da rubutunka haɗin wayoyi), tura bitstream, wato fayil ɗin da ya fito a ƙarshe, ta USB. Ka tura shi cikin filash, ma'ajiyar da ba ta gogewa, in ma'ajiyar wucin gadi ta SRAM kaɗai ka sa, ana ɗauke wuta komai ya goge.