Masu walda, a kula da hayaƙin nan

Salamu alaikum 'yan'uwa masu walda, na Ƙofar Ruwa da sauran unguwanni. Tun 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa hayaƙin walda yana jawo kansar huhu. Don Allah a daina aiki cikin rufaffen shago. A fito fili, a tsaya inda iska za ta kore hayaƙin daga fuska. In ƙarfen na da fenti, a kankare kafin a sa wuta.

Baƙin gilashin kasuwa kuwa na gayu ne, bai isa ya tare hasken da ke sa ido ya kwana kamar an zuba yashi ba. Oga, ka saya wa yaranka garkuwar fuska, har da mai riƙe maka ƙarfen.