Yadda Ake Auna Hawan Jini a Gida

Da farko, minti 30 kafin awo, kada ka ci goro, kuma kada ka sha shayi mai ƙarfi ko taba. Yi fitsari tukuna.

Zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, ba a harɗe ba. Huta minti 5. Nan mutane suka fi gaggawa: mutum ya sauko daga Keke Napep cikin zafin ranar Gombe, yana haki, ya ɗaura na'ura, dole lamba ta yi sama.

Naɗe hannun riga, ka ɗaura abin awon a damtse, yatsu biyu sama da gwiwar hannu. Ɗora hannun a tebur daidai da ƙirji. Danna maɓalli, ka yi shiru, ko sallama aka yi, a jira.

Bayan minti 1 ka sake. Rubuta sakamakon da kwanan wata a littafi.

In ya riƙa kai 140/90 ko fiye, kai wa likita littafin. In ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, jiri ko nauyin baki, tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko asibiti mafi kusa nan take.