Yadda Ake Haɗa Manhaja da Rumbun Bayanai na PostgreSQL

Da farko, ka karɓi abubuwa biyar daga mai kula da rumbun bayanan: adireshin sabar (wato kwamfutar da rumbun yake ciki), lambar ƙofa (port, wato mashigar da ake bi a isa rumbun a kan sabar), sunan rumbun, sunan mai amfani da kalmar sirri. Lambar ƙofar PostgreSQL ita ce 5432, sai dai idan an sauya ta.

Na biyu, ka jera su a layi ɗaya, wanda shi ne layin haɗi:

postgresql://akawu:kalmarsirri@localhost:5432/shago

A wannan misalin, akawu shi ne sunan mai amfani, kalmarsirri ita ce kalmar sirri, localhost shi ne adireshin sabar (yana nufin kwamfutar da manhajar take ciki), 5432 lambar ƙofa, shago kuma sunan rumbun. A nan ne masu koyo sukan yi tuntuɓe, domin idan akwai alamar @ a cikin kalmar sirri, dole ne a rubuta ta %40, in ba haka ba manhajar za ta ɗauka cewa adireshin sabar ya fara daga wurin. Idan kuma sabar tana nesa, ka ƙara ?sslmode=require a ƙarshe don a ɓoye abin da ke wucewa ta intanet.

Na uku, kada ka rubuta layin cikin lambobin manhajar (code). Ya fi dacewa ka adana shi a DATABASE_URL, wato wani suna da ake ajiye bayani ƙarƙashinsa a saitin kwamfutar (environment variable), manhajar ta karanto shi daga can.

Daga nan sai ka gwada da umarnin SELECT 1, wanda ke neman rumbun ya dawo da lamba 1 don nuna cewa haɗin yana aiki, ka rufe haɗin bayan ka samu amsa.