Yadda Ma'aikacin Laburare Zai Haɗa Mai Karatu da Littafin Bincike ko na Fargaba da Zai Ji Daɗinsa

Daga cikin buƙatun da ake kawowa teburin ma'aikacin laburare akwai wadda take da sauƙin faɗa amma biyanta ke da wuya: "Malam, ina son littafin da idan na fara ba zan iya ajiyewa ba." Kundin sunayen littattafai ba zai biya wannan buƙata ba, domin ba don ita aka tsara shi ba. Tsarin Dewey na jera littattafai bisa lambobi, wanda ɗakunan karatu da yawa ke bi, yana raba ƙagaggun labarai ne bisa harshen da aka rubuta su da asalin marubucin: na Ingila suna lamba 823, na Amurka suna 813, adabin Hausa kuwa yana can 893.72. Ke nan labarin kisan gilla da labarin soyayya suna iya zama jere a kanta ɗaya, babu abin da ya haɗa su sai harafin farko na sunan marubutansu. Abin da kundi ya gaza yi, ma'aikaci ne zai yi shi da kunnensa da kuma sanin da ya yi wa littattafan da ke hannunsa.

Kafin a kai ga hira da mai karatu, dole ne ma'aikaci ya iya bambance nau'o'i uku da mutane kan haɗa su a baki ɗaya su kira su duka littattafan bincike. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a duba abin da mai karatu ya sani da abin da aka ɓoye masa.

A labarin bincike na ainihi, laifin ya riga ya auku. An tsinci gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki, ko an wayi gari an ga akwatin kuɗin kamfani fayau, kuma mai karatu da jami'in bincike duka suna cikin duhu. Marubuci yana watsa alamu a hanya, wasu na gaskiya, wasu na ɓad da sawu, daɗin karatun kuwa shi ne mutum ya riga jami'in gano mai laifi, ko kuma a ƙarshe ya yarda cewa an fi shi wayo ba tare da an cuce shi ba. A labarin fargaba, abin tsoron bai faru ba tukuna, kuma sau da yawa mai karatu ya san abin da jaruma ba ta sani ba. Ya san cewa direban da aka ɗauka aiki a gidansu shi ne ke kai rahoto ga masu garkuwa da mutane, yana kallonta tana miƙa masa makullin mota, ba shi da ikon yi mata magana. Nau'i na uku shi ne labarin artabu da gudun ceton rai, inda ake bin sawu, akwai wa'adin da ke ƙaratowa, akwai 'yan leƙen asiri ko masu fasa-ƙwauri ko makircin masu mulki, babi-babi gajeru ne, kowanne yana ƙarewa a wurin da zai tilasta a buɗe na gaba. Littattafai da yawa suna haɗa biyu daga cikin waɗannan, amma kusan kullum akwai wanda ya rinjaya, kuma shi ne abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe.

Daga nan sai hira, wadda ita ce zuciyar aikin. Kada a tambayi mutum wane nau'in littafi yake so, domin yawancin masu karatu ba su taɓa zama sun sanya wa abin da suke so suna ba, tambayar kuma takan sa su ji kamar ana yi musu jarrabawa. Tambayar da ke buɗe baki ita ce: "Baba, wane littafi ne ka karanta wanda har yanzu yake maka daɗi idan ka tuna?" Idan ya ambata, sai a ce ya ɗan ba da labarinsa, sannan a yi shiru a saurara. Ko da ma'aikaci ya san littafin ciki da waje, bai kamata ya karɓe zancen ba, domin ba labarin ake nema ba, ana neman ɓangaren da mutumin zai zaɓa ya faɗa ne.

A ɗauka mutum biyu sun ambaci littafi ɗaya. Ɗalibin jami'a ya ce, "Wallahi Malam, tun ana tsakiya na tabbata matar ce ta zuba gubar, ashe marubucin wasa yake da hankalina." Wata uwa kuma ta ce, "Ni dai ban runtsa ba sai da na ga ko yarinyar nan ta kuɓuta." Na farko warware ƙulli yake so, kuma zai ji daɗin labarin da ke tafiya a hankali matuƙar alamun suna da ma'ana. Ta biyu ba ruwanta da wanda ya zuba guba, tana son wanda za ta tausaya wa ta kuma ji tsoro dominsa. Idan aka ba su littafi ɗaya don kawai sun ambaci suna ɗaya, an yi aikin telan da ya yanka yadi bai auna mai riga ba. Wanda kuma bai taɓa karanta irin waɗannan littattafai ba, sai a tambaye shi fim ko wasan kwaikwayon rediyo da ya taɓa hana shi tashi daga wurin zama, amsar za ta yi aiki iri ɗaya.

Bayan wannan akwai tambayar abin da mutum ba ya so, kuma a ganina ta fi ta farko muhimmanci a wurarenmu. Littattafan laifi suna bambanta ƙwarai wajen yawan jini da batsa da ashar. Na Agatha Christie, wadda ta rubuta littattafan bincike 66, kusan ba a nuna kisan a fili, ana tsintar gawa ne a wuce zuwa tambayoyi da nazari. Na James Hadley Chase kuwa, waɗanda suka yi tashe matuƙa a Najeriya har yanzu ana samun su a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai, cike suke da bindiga da cin amana da mu'amalar maza da mata, bangon wasunsu ma kaɗai ya isa ya sa wani ya ƙi shiga gida da su. Duka biyun ana kiransu littattafan laifi. Ya kamata a yi tambayar cikin ladabi ba tare da an kunyata kowa ba, misali a ce, "Hajiya, akwai masu bayyana abin da ya faru dalla-dalla, akwai kuma masu sakayawa, wanne ya fi kwanta miki?" Haka kuma a tuna cewa a yankunan da aka sha fama da garkuwa da mutane da hare-haren 'yan bindiga, mai karatu yana iya kasancewa abin ya taɓa gidansu, saboda haka idan littafi ya ginu a kan irin wannan lamari, a faɗa masa tun kafin ya sa hannu a rajistar aro. Idan uba ne ya zo nema wa ɗansa, a tambayi shekarun yaron, in da hali kuma a ji ta bakin yaron da kansa.

Ƙarfin harshe ma abin dubawa ne. Mutum yana iya son labarin bincike amma tsohon Turancin ƙarni na 19 ya gajiyar da shi a shafi na biyar, ya koma gida yana zaton shi ne ba ya son karatu. Ga irin wannan, gajerun labarai sun fi dacewa da farawa, kuma labaran ƙagaggen mai binciken nan Sherlock Holmes suna da wannan amfani, domin 56 daga cikinsu gajeru ne da za a iya gamawa a zama ɗaya, huɗu ne kawai dogaye, sannan akwai bugu da aka sauƙaƙa domin masu koyon Turanci. Jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, wanda marubutan Afirka suka rubuta da Turanci mai sauƙi, yana ɗauke da labaran laifi da na artabu da dama da ke faruwa a garuruwan da mai karatu ya sani. Wanda ya fi son Hausa kuwa kada a nuna masa cewa ya nemi abin da bai kai ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, labarin artabu ne cikakke, kuma a cikin littattafan Hausa na zamani akwai na bincike da na 'yan fashi da na makirci, duk da cewa na soyayya sun fi su yawa a kasuwa.

Babu ma'aikacin da zai karanta duk abin da ke kan kanta, amma kowa yana iya sanin littafi a cikin 'yan mintoci idan ya san inda zai duba. A karanta bayanin bangon baya, a karanta babi na farko, sannan a buɗe tsakiya a ga yadda shafin yake: idan zance tsakanin mutane ya yi yawa kuma sakin layi gajeru ne, labarin yana gudu, idan kuwa shafin cike yake da dogon bayani, yana tafiya a natse. A duba ko da bakin jarumi ake ba da labarin ko kuwa ana yawo tsakanin mutane da yawa har da mai laifin, domin duk littafin da ya shigar da mai karatu cikin kan mai laifi tun farko ya fi kusa da fargaba fiye da bincike. A duba kuma ko littafin yana cikin jeri ne mai jarumi ɗaya, da kuma ko ana iya farawa daga ko'ina.

Akwai wani dubawa da ya zama wajibi ga wannan nau'i musamman, wato shafukan ƙarshe. Littattafai masu taushin bango da suka sha hannu sukan fara zubewa daga baya, kuma littafin bincike da ya rasa shafuka biyar na ƙarshe ya rasa komai. A juya shi a tabbatar lambobin shafi sun kai inda labarin ya ƙare, a kuma duba ko wani mai karatu ya rubuta sunan mai laifin da biro a shafin farko, domin ana yin haka. Littattafan Hausa na zamani kuma sukan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, saboda haka kada a ba da na ɗaya sai an tabbatar sauran suna nan ko an san hannun da suke, in kuma babu su gaba ɗaya a faɗa wa mai aro gaskiya ya zaɓa da kansa.

Idan an zo miƙawa, a fito da littattafai biyu ko uku maimakon ɗaya, a ajiye su a kan tebur, a yi wa kowanne bayani da jimla biyu ko uku da ke komawa ga abin da mutumin ya faɗa: "Tunda ka ce kana son a ruɗa ka, wannan mutum goma ne a gida ɗaya kuma kowannensu yana da dalilin yin kisan." Bayanin ya tsaya a kan farkon labari, kada a ce akwai abin mamaki a ƙarshe, domin wannan ma tona asiri ne, mai karatu zai zauna yana jiransa. A guji cewa littafi kaza dole ne kowa ya so shi, ko da shi ne wanda ma'aikaci ya fi ƙauna, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sannan a gaya masa a fili cewa idan ya kai shafi hamsin bai ji ya kama shi ba, ya dawo da shi a sake wani, babu laifi. Masanin ɗakunan karatu ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya sanya kiyaye lokacin mai karatu cikin ƙa'idoji biyar da ya wallafa a 1931, kuma tilasta wa mutum gama littafin da ba ya so saɓa wa wannan ƙa'ida ne.

Inda laburare ba shi da abin da ake nema, aikin bai ƙare ba. Tsofaffin labaran bincike da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ana samun su kyauta a intanet a shafin Project Gutenberg, ana iya nuna wa mai karatu yadda zai sauke su a wayarsa. Wanda ya fi son abin da ya faru da gaske sai a kai shi lamba 364 a tsarin Dewey, inda littattafan nazarin laifuka suke. Idan kuma an sami kuɗin sayen sababbi, jerin waɗanda suka ci kyautar Edgar ta Amurka ko ta Dagger ta Birtaniya, waɗanda ake ba littattafan laifi, yana taimakawa wajen zaɓe, tare da duba abin da kamfanonin gida irin su Cassava Republic suke fitarwa na labaran laifi da ke faruwa a Najeriya.

Ranar da mai karatu ya dawo da littafi ita ce ranar da ake samun ilimin da babu shi a kowane kundi. A tambaye shi inda ya fi jin daɗi da inda ya gaji, sannan a rubuta a ƙaramin kati: sunan littafin, nau'in da ya rinjaya a cikinsa, saurin tafiyarsa, yawan jini ko batsa, da sunayen littattafai biyu da suka yi kama da shi. Ba a rubuta sunan mai karatu a katin, kuma ba a gaya wa wani abin da wane ya ara, ko da ɗan'uwansa ne ya tambaya. A ajiye katunan a akwati ɗaya kusa da rajistar aro, a jere bisa nau'o'in nan uku, yadda abokin aikin da ya karɓi tebur da yamma zai iya buɗewa ya amsa wa mai nema ko da shi kansa bai taɓa karanta littafin bincike ba.